Kundin da ya adana kayan hannun Amurka na dā da fentin ruwa

Index of American Design kundi ne na zane-zanen fentin ruwa sama da 18,000, waɗanda suka adana siffar kayan ado da kayan amfanin gida da aka ƙera a Amurka tun zamanin mulkin mallaka har wajen ƙarshen ƙarni na 19. An yi aikin daga 1935 zuwa 1942, a ƙarƙashin shirin gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt na sama wa masu zane abin yi bayan durƙushewar tattalin arziki.

Mata biyu ne suka kawo shawarar: Romana Javitz, shugabar sashen hotuna a ɗakin karatun jama'a na New York, da Ruth Reeves, mai tsara zanen yadi. A lokacin, Amurkawa da dama na ganin cewa duk wata fasaha ta kirki daga Turai take. Kundin ya zo ne don ya nuna cewa kafintoci da maƙera da masaƙan ƙasar suna da nasu salo.

Me ya sa ba a ɗauki hoto kawai ba? Hoto mai launi a wancan zamani yana da tsada kuma yana koɗewa, baƙi da fari kuwa ba ya nuna rini. Ga kuma masu zane zaune ba aiki. Sai dai an gindaya musu sharaɗi mai tsauri: mai zane ya ajiye salonsa gefe, ya auna abin, ya fitar da shi yadda yake, har da tsatsa, da jijiyar katako, da inda zare ya sile. An aro dabarar daga masu kwafar zanen kayan tarihin Masar. Wasu zanen barguna, sai mutum ya matso kusa kafin ya yarda takarda ce.

An zana kujeru da akwatunan mabiya ɗariƙar Shaker, tukwanen Jamusawan Pennsylvania, sassaƙen waliyyan Katolika na New Mexico, da mutum-mutumin goshin jiragen ruwa. Amma kundin yana da giɓi: kayan 'yan asalin ƙasar ba su samu gurbin da ya dace ba, haka ma jihohin kudu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsayar da aikin. Tun 1943 kundin yana National Gallery of Art da ke Washington, kuma wasu kayan da aka zana sun ɓace, zanen ne kaɗai shaidarsu.