Zunubin da Ya Zama Jiki: Kunya, Horo da Tsarkakewa a Ikilisiyoyin Yankin Ƙonni

Kiristocin gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, a jihar Tawa, 'yan tsiraru ne ƙwarai. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum 1 cikin 100 ba a duk faɗin Nijar. Wannan ƙarancin ya shafi yadda mai bi yake kokawa da zunubin da ya zame masa jiki, wato wanda yake tuba a kansa ranar Lahadi, ya koma masa kafin Laraba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tsoron tonon asiri ya fi kowane abu raya irin wannan zunubi a ƙananan ikilisiyoyi, kuma maganinsa yana cikin wata al'ada da Bahaushe ya daɗe da ita, wato amintaka.

Sai mun waiwayi tarihi kafin mu gane inda aka gaji salon koyarwar. Mishan ta SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma a 1893, ta shiga Damagaram a 1924, daga baya ta kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Malbaza zuwa Madawa. Daga aikinta ne ikilisiyar EERN ta fito. Barbara Cooper ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi. Abu biyu masu bi suka gada daga mishan ɗin. Na farko, iyakoki bayyanannu: ba giya, ba taba, ba ƙarin aure. Na biyu, koyarwar taron Keswick, wanda aka fara a Ingila a 1875, Bingham kuma ya kafa irinsa a Kanada a 1924. Ginshiƙinta shi ne mai bi ya miƙa kansa gaba ɗaya ga Almasihu, ya karɓi nasara bisa zunubi ta bangaskiya.

Kowannensu yana da amfani, amma haɗuwarsu ta bar giɓi. Iyakokin suna kama abin da ido ya gani kaɗai. Koyarwar miƙa kai kuwa, idan aka ɗauke ta a matsayin abin da ke faruwa dare ɗaya a wurin taron farkawa, ba ta da abin da za ta faɗa wa saurayin da ya fito gaba da hawaye, ya sake faɗuwa bayan mako biyu. Sai ya ɗauka ko dai tubarsa ƙarya ce, ko Allah ya gaji da shi. Ga kuma kunya a gefe. A majami'ar da kowa ya san kakan kowa, inda maƙwabta Musulmi suke auna bishara da halin mutum ɗaya, faɗin laifi yana nufin zubar da mutuncin gida, wataƙila har da rasa aure ko aiki. Mutum sai ya haɗiye, ya ci gaba da rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, cikinsa na ci.

Ya kamata kuma mu kira jarabar da sunanta, domin ba a sararin sama take ba. Mai ban-ruwa a gonakin albasa na Galmi, da lebura mai lodin buhuna, da ɗan kabu-kabu a kan iyakar Ƙonni da Najeriya, da yawa sukan fara shan tramol ne don jiki ya jure aiki, ba don neman maye ba. Sannu a hankali ƙwayar takan mallaki jikin, ta yadda barinta farat ɗaya kan zo da ciwo da rashin barci, yawanta kuma kan jawo jijjiga. Wanda ya ce wa irin wannan mutum addu'a kaɗai ta ishe shi bai yi masa adalci ba. Yana buƙatar addu'a, yana buƙatar likita, yana kuma buƙatar a duba nauyin aikin da ya tura shi. Haka matasan Adar da ke tafiya ci-rani watanni, nesa da matansu da ikilisiyarsu. Haka wayar hannu, wadda ta kawo caca da hotunan batsa har cikin ɗaki. Akwai kuma waɗanda ba a cika yin wa'azi a kansu ba saboda an saba da su: gulma, riƙo a zuci, tauye mudu, da dukan mata.

Littafi Mai Tsarki, wanda masu bi suke karantawa da Hausa tun fassarar 1932, bai nuna tsarkakewa a matsayin tsalle ɗaya ba. A Romawa sura 8, Manzo Bulus ya ɗora wa mai bi aikin kashe ayyukan jiki, amma ta ikon Ruhu Mai Tsarki. A kan aya ta 13 ta wannan sura John Owen ya gina littafinsa na 1656, inda ya nuna yaƙin na kullum ne har ƙarshen rai. A Afisawa sura 4 kuwa, ba a tsaya ga hana ɓarawo sata ba, an umarce shi ya kama sana'a har ya sami abin ba mabukaci. Wato mugun hali ba ya barin gurbi a wofi, dole a cika wurin da wani hali. Yaƙub 5:16 ya ƙara abin da muka fi gudu: masu bi su furta wa juna laifofinsu, su yi wa juna addu'a.

To, ga wa za a furta? Farkawar Gabashin Afirka, wadda ta taso a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta zaɓi furci a gaban jama'a. Ta gyara rayuka da yawa, amma ban ga dacewarta da garin da magana ke kai kasuwa kafin a tashi daga sujada ba. Tsarin John Wesley na 1738 ya fi kusa da mu: 'yan mutane kaɗan, maza daban, mata daban, suna haɗuwa kowane mako su tambayi juna halin da ransu ke ciki. Ba ma sai mun aro ba. Bahaushe ya san amini, Bahaushiya ta san aminiya, wanda ake buɗe wa ciki ba a ji a waje ba. Zumuntar Mata ta riga ta riƙe wani abu na wannan. Maza ne suka fi zama a kaɗaice. Manomin albasa ya san wadda ta fara ruɓa a ma'aji ba ta nunawa daga nesa, sai an shiga an taɓa an juya, kuma akai-akai; haka ran mai bi yake.

Wani zai ce wannan sassauci ne, zai raunana horon ikilisiya, alhali sunan ikilisiya shi ne jarinta a tsakiyar masu zuba mata ido. Damuwar tana da tushe, kuma 1 Korintiyawa sura 5 ta tabbatar da cewa akwai laifin da dole a tsawata a fili. Sai dai tsarin Matiyu sura 18 ya fara ne da mutum biyu a keɓe, ikilisiya ita ce matakin ƙarshe, ga wanda ya ƙi ji. Idan dakatarwa daga Jibin Ubangiji ta zama amsar farko ga wanda ya kawo kansa da kansa, an koya wa sauran cewa ɓoyewa ta fi gaskiya riba. Mai taurin kai da mai rauni da ke neman taimako ba magani ɗaya suke sha ba.

Don haka ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiyoyin Ƙonni, Galmi, Malbaza da Illela: ku haɗa kowane sabon mai baftisma da amini balagagge cikin bangaskiya, ku sa wani ya riƙa kiran ɗan ci-rani a waya, ku raka mai fama da ƙwaya wurin likita, kuma ku ɗauki tona asirin wanda ya furta laifinsa a matsayin laifin da shi ma ya cancanci horo.