Cuɗe-ni-in-cuɗe-ki: daga wuri zuwa naira

'Yan'uwa mata, tunda ƙungiyarmu ta ƙara shekara, bari mu waiwayi maganar da aka gina ta a kai: cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Yanzu da an ambace ta sai hankali ya tafi kan 'yan siyasa da masu cin hanci. Alhali asalinta maganar wanka ce. Hannunki ba ya kaiwa tsakiyar bayanki, sai wata ta cuɗa miki, ke ma ki cuɗa mata.

Haka kakanninmu suka zauna tun ana ciniki da wuri. Maza suna gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Mata kuma suna da biki. Ba shagalin kaɗai ake nufi ba, har da gudummawar da ƙawa ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure. In ta kawo miki ɗari, ranar nata sai ki kai mata ɗari biyu. In abin ya yi nauyi, a sasanta, a koma ƙasa a sake farawa. Baba ta Karo, wata tsohuwa da ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba da labarin ƙawancen zamaninsu, aka buga shi da Turanci a 1954.

To, me ya sa ake ninkawa? Saboda biki ba bashi ba ne. Bashi da an biya, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa biki, da gangan ake barin saura, don kada zumunci ya yanke.

Wuri ya wuce, fam da sule suka zo, naira ta gaje su a 1973, amma adashe yana nan. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya, mun ga abin da ya riƙe kasuwa: mai tumatir ta ba mai manja, aka rubuta, aka jira.

Sai dai fa tsarin yana da wurin karyewa. Mace ɗaya ta yi kwasar farko ta daina zubi, jarin mata goma ya tsaya, uwar adashe ta shiga kunya. Wadda ciwo ko asara ta kayar, ta zo ta faɗa, za mu ɗaga mata ƙafa kamar yadda iyayenmu suke yi. Wadda kuwa ta kwasa ta ɓuya, ta tuna ta ƙarshen layi ita ma tana da baya.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, amin.