Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Tace Ruwan Sha a Gwarzo da Kabo

Ƙasar Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, zaune take a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa maƙwabta biyu kan haƙa rijiya, ɗaya ya tarar da ruwa, ɗaya ya ci karo da fa. Damina wata huɗu zuwa biyar ce, sauran shekara rani. Samun ruwa a irin wannan ƙasa aiki ne, gyara shi kafin a sha kuma wani aikin ne daban. Hanyar gyaran ta sauya sau da dama cikin shekara ɗari, kuma kowane sauyi ya biyo bayan gano wani abu ne a cikin ruwan da ba a san da shi ba a da.

A zamanin da rijiya da tafki da haƙon yashin rafi su ne madogara, ido da hanci da harshe ke yanke hukunci. Ruwan da ya yi ja sai a zuba shi a randa ya kwana, laka ta kwanta, a kamfaci na sama. In ana sauri a tace da ƙyalle, ko a jefa ɗan alif a motsa. Alif yana sa ƙananan ɓurɓushin laka su manne wa juna su yi nauyi su nutse, kuma har yau da shi manyan matatun ruwa ke fara aiki. 'Ya'yan zogale ma suna yin haka. A ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike, Samia Jahn, ta rubuta yadda matan ƙauyukan Sudan ke daka su suna kwantar da lakar ruwan Nilu. Duk waɗannan dabaru maganin laka ne. Suna rage ƙwayoyin cuta, amma ba sa ƙarar da su.

Ruwan famfo ya iso birnin Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga gidan ruwa na Challawa. Tsarin da irin waɗannan gidajen ruwa suka ginu a kai ya yi kusan ƙarni yana nuna a wasu ƙasashe. A 1829 aka fara tace ruwan Landan ta cikin yashi, a 1854 likita John Snow ya danganta kwalara da wani famfo guda a birnin, a 1908 kuma Jersey City ta Amurka ta fara zuba kulorin a ruwan jama'a ba yankewa. Matakan uku ne: alif ya kwantar da laka, yashi ya tare saura, kulorin ya kashe abin da ido ba ya gani. Sai dai famfon na birni ne. Gundumomin yamma sun ci gaba da guga da tulu shekaru masu yawa bayan haka.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 shi ya juya akalar al'amura. Gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ta rungumi gina madatsun ruwa, aka kammala Tiga a 1974. Aikin ya ci gaba bayansa har shiyyar yamma ta samu nata, irin su Guzuguzu da Magaga, sannan babbar madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992. A shekarun 1980 kuma hukumar KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta haƙa ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa a karkarar jihar. Ruwa ya yawaita, amma kwantaccen ruwa yana da nasa sharrin. Dodon koɗin da ke rainon tsutsar tsargiya yana son gefen dam, ita kuwa tsutsar ta fata take shiga jikin mai wanka ko mai wanki. Babu matatar da ke cikin gida da za ta kare yaron da ya je iyo.

Babu misalin da ya nuna amfanin dacewar magani da cuta kamar yaƙi da kurkunu. Ƙwayar tsutsar tana zaune ne a cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwan tafki. Mutum ya sha, sai bayan kusan shekara tsutsar, wadda tsawonta kan kai mita guda, ta ɓullo masa a ƙafa, galibi da damina, lokacin da gona ta fi bukatarsa. Ƙidayar 1988 zuwa 1989 ta gano masu cutar sama da 650,000 a Najeriya. Da aka san cewa ƙwaron ya fi ramin saƙar ƙyallen nailan girma, sai Cibiyar Carter da gwamnati suka raba ƙyallen tacewa gida-gida, aka zuba magani a tafkuna, aka hana mai ciwon shiga ruwa. Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙauyuka yana jan hankalin shugabanni. An ga mai cutar na ƙarshe a Jihar Enugu a Nuwamban 2008, kuma a Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Ƙyallen da ya yi wannan aiki ba a yi shi don taifot ba, domin ƙwayar taifot ta fi ramukansa ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Kwalara ta koyar da wani darasin. Binciken da aka yi kan ɓarkewarta a birnin Kano a 1995 zuwa 1996 ya danganta kamuwa da ita da shan ruwan da ake sayarwa a titi da kuma rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Wato ruwa yana iya fitowa da tsabta ya gurɓata a jarka, ko a randa, ko a moɗar da kowa ke tsomawa. Amfanin kulorin ke nan a kan tafasawa: ɗan abin da ya rage a ruwan yana ci gaba da gadinsa bayan an ɗebo.

Shekarun 1990 sun zo da ruwan leda, aka kafa NAFDAC a 1993, kuma daga baya masana'antun suka rungumi matatar matsi, wadda masu sana'ar ke kira RO. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka samar da tantaninta a Kalifoniya wajen 1960 don raba ruwa da gishiri. Ana tura ruwa da ƙarfi ta cikin tantanin, ya bar kusan duk abin da ya narke a cikinsa a baya. Masu kiwon murjani da kifin teku a akwatin gilashi suna tsananta amfani da ita. Jan ƙarfe kaɗan yana kashe murjani, sinadarin taki kaɗan yana cika akwatin da gansakuka, don haka sai su bi da ruwan ta gawayi, da tantanin matsi, da wata matatar ta ƙarshe, har ma'auni ya nuna sifiri, sannan su zuba gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Kulorin da ke ceton ɗan Adam kuwa guba ne ga kifi, abin da mai kiwon tarwaɗa ma ya sani.

Ɗan Adam ba murjani ba ne. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda da narkakkun ma'adinai har miligiram 500 a lita. Ƙaramar na'urar da ake tsomawa a kofi tana nuna lamba waɗannan ma'adinai kawai take aunawa, ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Matatar matsi kuma tana bukatar wutar lantarki da sauyin tantani, kuma ƙananan na gida sukan zubar da lita uku ko huɗu kafin su ba da ɗaya, hasarar da ba ƙarama ba ce inda ake ja da guga a watan Afrilu.

Ma'aikacin da ya haƙa burtsatse a gidan iyayensa a Gwarzo ko Kabo, abin da ya kamata ya fara saya shi ne gwajin ruwa a ɗakin bincike, da rani da kuma damina. In laka ce, alif da yashi sun isa. In ƙwayoyin cuta ne, kulorin ko tafasawa, tare da duba nisan masai daga rijiyar. In sinadarin naitiret ne daga taki ko masai ya haura miligiram 50 a lita, wanda ke da haɗari ga jarirai, tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi, kuma a nan ne matatar matsi ta cancanci kuɗinta.