Polinom

polinom (suna, namiji, aro daga Faransanci). A ilimin aljabara, jimlar gaɓoɓi ce, kowace gaɓa lamba ce ita kaɗai, ko lamba da aka ninka da harafi mai wakiltar adadin da ba a kayyade ba, kamar x ko x². Misali: P(x) = 2x² + 3x + 5. Mafi girma cikin ƙananan lambobin da ke saman harafin ita ce darajarsa. Nan 2 ce. 1/x ba polinom ba ne.

Neman ƙimarsa: a sa lamba a gurbin harafin. In x = 4, sai 32 + 12 + 5 = 49. Hanya mafi sauƙi, wadda ake danganta wa Horner: (2 × 4 + 3) × 4 + 5. Manomin da ke auna gona mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi daidai, x² yake lissafawa ko bai sani ba. Inda ɗaliban koleji masu shirin jarrabawar BEPC ke yawan tuntuɓe shi ne lamba ƙasa da sifiri: in x = −3, x² tara ne, ba −9 ba.

Al-Khwarizmi, a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya warware irin wannan lissafi, babu alama ko ɗaya.