Kwatabak da tsarin kai hari: yadda ake haɗa gwani da dabara a ƙwallon Amurka

A gidajen kallon ƙwallo na Funtuwa da Malumfashi, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce wa za a ɗora wa laifi idan ƙungiya ta sha kashi, ɗan wasa ko koci. Wannan gardama ta fi zafi a ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu a jefa, musamman a gasar NFL mai ƙungiyoyi 32. A can, kusan kowane hari ta hannun mutum ɗaya yake bi, wanda ake kira kwatabak. Tarihin gasar ya nuna cewa nasararsa ta rataya ne a kan ko an gina tsarin wasan daidai da baiwarsa.

Aikin kwatabak

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun samu a ba su wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kafin kowace dama, koci kan faɗa wa kwatabak dabarar da za a bi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa. Daga nan aiki ya zama nasa: ya nazarci tsayuwar masu tsaron gida, ya sauya dabara idan ya hango tarko, sannan ya miƙa ƙwallo ga mai gudu, ko ya jefa ta, ko ya ruga da ita da kansa. Galibi bai fi daƙiƙa uku yake samu ba kafin ƙarti su auka masa.

Abubuwa huɗu ake dubawa a jikinsa: ƙarfin jifa, saiti, saurin yanke shawara da gudu. Da wuya mutum ɗaya ya haɗa su duka, shi ya sa ake tsara wasa a kan wanda ya fi ƙarfi a wurinsa.

Tsarin da larura ta haifar

A 1969, Greg Cook na ƙungiyar Cincinnati, mai jifa mai nisa, ya ji rauni a kafaɗa. Wanda ya maye gurbinsa, Virgil Carter, yana da saiti amma ba shi da ƙarfin hannu. Sai mataimakin koci Bill Walsh ya ƙirƙiro tsarin gajerun jifa masu sauri, inda ake auna takun kwatabak da gudun mai cafke ƙwallo. A 1971 Carter ya fi kowa yawan jifan da ke isa hannu, idan aka auna da adadin da ya jefa. Walsh ya kai tsarin San Francisco a 1979, ya haɗa shi da Joe Montana, suka lashe kofin Super Bowl sau uku tare. Tsarin ne ake kira West Coast.

Mutum ɗaya, sakamako biyu

Jared Goff shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2016, amma ya sha kashi a duk wasanni bakwai da ya fara wa Los Angeles Rams a shekarar. Da Sean McVay ya karɓi ƙungiyar a 2017, ya cika tsarinsa da dabarar nuna kamar za a miƙa wa mai gudu ƙwallo sannan a jefa ta, abin da ke buɗe wa mai jifa fili. A Fabrairun 2019 Goff yana wasan ƙarshe na Super Bowl. Manomin Gozaki ya san wannan darasi: irin da ya yi kyau a fadama ba lallai ya yi a tudu ba.

Launin fata da son zuciya

Shekaru da dama ana karkatar da baƙar fata daga wannan matsayi, bisa zaton cewa gudu kawai suka iya. Babu ƙungiyar da ta ɗauki Warren Moon a 1978, sai da ya tafi Kanada ya lashe kofi biyar a jere kafin a neme shi. Doug Williams ne baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl a matsayin kwatabak, a Janairun 1988.

Ko a 2018 wasu masana sun ba Lamar Jackson shawarar ya sauya matsayi. Baltimore ta ɗauke shi a lamba ta 32, ta sake fasalin harinta a kan gudunsa. A 2019 ya yi gudun yadi 1,206, ya jefa ƙwallo 36 da aka ci maki da su, kuma duk masu zaɓe suka ba shi gwarzon shekara. Ya sake lashe kambun a 2023 ƙarƙashin wani tsari da ya fi ba jifa muhimmanci, wanda ya nuna cewa tun farko ya iya biyun.

Kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne. A 2020 Kansas City ta ba Patrick Mahomes kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 450. Ƙungiyar da ta zuba irin wannan dukiya a kan mutumin da tsarinta bai dace da shi ba, takan yi shekaru tana biyan kuskuren.

Inda Najeriya ta shigo

Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, shi ke jagorantar neman matasa a Afirka. An yi sansanin horo a Ghana a 2022, sannan a Legas a 2024. Haka kuma, nau'in wasan da ake fizge ƙyalle a ƙugu maimakon kayar da mutum zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Shi ma yana buƙatar kwatabak, saboda haka duk ƙasar da ke son zuwa sai ta horar da kociyoyin da suka iya gane baiwar yaro su tsara masa wasan da ya dace da ita.