Makwanci kafin wa'azi: samarin da ke kwana a titunan Kano

Duk wanda ya bi ta Kantin Kwari ko tashar Unguwa Uku da tsakar dare zai tarar da samari jere a barandar shaguna, kowa ya shimfiɗa kwali, ya yi matashi da takalminsa don gudun ɓarawo. Da rana su ne 'yan dako, 'yan ga-ruwa, 'yan bola-jari da yaran mota. Sana'a suna da ita. Ɗaki ne babu. Wannan maƙala na ganin hukumomi sun daɗe suna ɗaukar lamarinsu a matsayin matsalar bara ko ta tsaro, alhali tushensa rashin makwanci ne da rashin wanda zai tsaya musu.

Ƙasar Hausa ba ta rasa tsarin saukar baƙo ba. A littafinsa na 1969 kan unguwar Hausawa ta Sabo a Ibadan, Abner Cohen ya nuna yadda maigida ke ba baƙo masauki da abinci, ya kuma lamunce masa a ciniki. Haka zaure yake a cikin birni: nan saurayin da ya girmi ɗakin uwarsa ke kwana, nan ɗan ci-rani ke ajiye jakarsa, kuma idan rigima ta taso akwai dattijon da zai ce "yarona ne." Yau an fasa zauruka da yawa an mai da su shagunan haya, sababbin gidaje kuwa katanga ce da ƙofar ƙarfe. Bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 tsoron baƙuwar fuska ya ƙaru, masallatai da dama kuma ana rufe su bayan isha'i. Inuwar ta tafi, lamunin ma ya bi ta.

Gwamnati ta yi motsi, amma ba a wannan fage ba. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta Gagi a Sakkwato. A 2020 Kano ta haramta bara, gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu lokacin korona. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai. Duka waɗannan ƙaramin yaro suke kallo, mai malami ko iyayen da za a mayar wa. Ɗan shekara 18 da ya bar tsangaya, ko wanda zaman kishiyar uwa ya koro, ya wuce gidan marayu, bai kuma kai ga biyan hayar shekara ba. Idan ya faɗa shaye-shaye, abin da ke jiransa kame ne ko gidan mari, kuma mun ga abin da aka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Tun 2008 ƙasar Finlan ta fara ba marasa gida muhalli tukuna, sauran taimako ya biyo baya, kuma adadinsu ya ragu sosai. Ba mu da aljihunta, amma hujjar ta zauna: wanda ya kwana ido biyu yana gadin wayarsa ba zai riƙe koyon sana'a ba, balle nasiha.

Za a ce samar da makwanci zai ƙara jawo 'yan ƙauye. Ai neman abinci ne ke kawo su, kuma sun riga sun zo. Abin da zai yiwu shi ne ɗakunan kwana kusa da kasuwanni da tashoshi, da banɗaki da akwatin ajiya mai makulli, a kan kuɗi kaɗan. Hukumar Zakka da Hubusi na iya samar da gini ta hanyar waƙafi, ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke cin moriyar ƙarfin waɗannan samari su ɗauki ɗawainiya. Dole kuma a ware wa 'yan mata nasu wuri, domin haɗarinsu ya fi. Kowane gida ya samu dattijo ɗaya da mai unguwa ya sani, wanda zai sa hannu in yaro ya nemi hayar Keke Napep, ya kuma je ofishin 'yan sanda idan an kama shi.