Gyaran Murhun Lantarki a Ƙasar Bagudo: Daga Naɗin Waya zuwa Canjin Kaya

Gyaran murhun lantarki bai taɓa zama sana'a mai cin gashin kanta a ƙasar Bagudo ba. Reshe ne na aikin masu wayarin da masu gyaran dutsen guga da fanka, domin gidajen da ke girki da wuta ba su kai yawan da za su riƙe mutum da iyalinsa ba. Itace da gawayi ne ke ɗauke da tukunya daga Illo har Ka'oje. Duk da haka reshen yana da tarihinsa, yana kuma da ilimin da ke neman salwanta, tun da yaran shago na yanzu suka fara tambayar dalilin da zai sa dattawan sana'a su zauna suna awo a kan abin da za a iya cirewa a jefar a saka sabo.

Wutar yankin daga Kainji take. An kammala madatsar a 1968, aka kafa NEPA a 1972, babban layi ya hau zuwa Birnin Kebbi, daga can wani ya tsallaka zuwa Yamai a 1976. Garuruwan bakin iyaka kuwa a jelar layi suke, kuma wannan ne ya tsara halin sana'ar tun farko. A takarda wutar gida bolt 230 ce. Wanda ya yi aiki a ƙarshen dogon layi, inda unguwa guda ke rataye a taransifoma ɗaya, ya san sau da yawa da magariba ba ta kaiwa nan. Zafin murhu kuma ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa: in ta sauka zuwa bolt 160, kan da aka rubuta masa wat 1,000 ba zai ba da ko wat 500 cikakke ba. Da yawa daga murahun da ake kawowa shago da ƙorafin "ba ya zafi" lafiyarsu ƙalau. Darasin farko da ake koya wa yaro a da shi ne ya auna soket kafin ya ɗauki sukurudireba.

Abu na biyu da ya tsara sana'ar shi ne iyaka. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila: fulogi mai ƙafa uku da fis na amfiya 13 a cikinsa, babban murhu kuma da layinsa na kansa, waya mai milimita 6 da makunni a bango. Benin ta gaji na Faransa, fulogi mai zagayayyun ƙafafu wanda babu fis a cikinsa. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, saboda haka kayan can suna aiki a nan. Kayan gwanjon Turai da ke sauka a tashar ruwa ta Kwatano suna hawowa ta Parakou da Kandi, wasu su biyo Segbana su faɗo Tsamiya, wasu su wuce kasuwar Malanville su zagayo ta wajen Lolo. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka ƙaru, murhu mai kai huɗu da obin ya fara shiga gidajen masu hali da kayan ɗakin amare. Mai gyara a Bagudo dole ya iya karanta tsari biyu, abin da ba lalle ba ne ga takwaransa na cikin ƙasa.

Matsalar da ta fi tona asirin wanda bai ƙware ba tana bayan murhun, a akwatin da wayoyi ke shiga. A ƙasashe irin su Jamus ana haɗa murhu da fes uku, kowane fes yana ɗauke da wani sashe na kawunan. In an kawo shi gida mai fes ɗaya, sai an sa 'yan gadojin jan ƙarfe da ke haɗe ƙafafun wuri guda, kuma zanen yadda za a yi yana manne a jikin murfin. Gadojin nan sukan ɓace a hanya. Labarin da ya sha maimaituwa shi ne na amaryar da aka jera mata murhu, kai ɗaya ko biyu suka kama, sauran suka yi shiru, aka kira wani ya yanke hukuncin cewa an sayar wa uban amarya matacce. Aka tura murhun kusurwa ya zama teburin ajiye kwanuka har shekaru, ɓeraye suka yi gida a audugar obin. Ranar da wanda ya san aiki ya buɗe bayansa, guntun jan ƙarfe biyu ne kawai suka rage a saka. Sai dai ɓerayen sun riga sun cinye rigar wayoyin ciki, gyaran minti goma ya koma na kwana biyu.

Amma kafin murhun Kwatano, kuma a gefensa na tsawon lokaci, akwai murhun talaka: faifan yumɓu ko tangaran mai kwarin zagaye, da naɗaɗɗiyar waya kwance a cikin kwarin, a kan ƙafafun ƙarfe da mai walda ya haɗa. A nan ilimin sana'ar ya taru. Wayar nikirom ce, haɗin nikel kashi 80 da kurom kashi 20, wadda Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906, kuma har yau ita ce a cikin elemen da yawa. Maigidan shago na wancan zamani ba ya jiran a kawo masa naɗaɗɗiya. Yakan yanke tsawon da lissafi ya ba shi, ya naɗe ta a jikin siririn rodi zobe na bin zobe ba tazara, sannan ya zare rodin ya ja naɗin a hankali har ya ninka tsawonsa biyu ko uku. Jan nan shi ne gwajin hannu. Inda zobba suka matsu, nan zafi zai taru, nan za ta yi fari ta tsinke cikin 'yan makonni. Inda suka buɗe da yawa, tukunya ba za ta samu komai ba. Yaro kan yi watanni yana kallo kafin a bar shi ya ja ta farko, in ya ɓata kuma a sa shi ya warware ya sake, domin waya kuɗi ce.

Akwai ƙananan dokoki da ba a rubuta ba. Nikirom ba ta karɓar dalma, sai a ɗaure ta da noti da washa. Ana ninka wutsiyarta biyu a murɗe kafin ta kai ga notin, don wurin haɗi ya fi sauran sanyi. Ana zura wutsiyar cikin duwatsun tangaran kada ta taɓa ƙarfen jiki. Naɗin kuma dole ya nutse cikin kwari sosai, ta yadda gindin tukunya ba zai same shi ba. Lissafin kansa a ka yake: kai mai wat 1,000 yana son waya mai om 53, na 1,500 om 35, na 2,000 kuwa om 26 da ɗoriya.

Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku ya san abin da ya sa dattawa ke faɗa a kan datse waya. In wuta ta yi rauni, masu gida sukan roƙi a rage tsawon naɗin don ya ƙara ja. Dabarar tana aiki: naɗin da aka datse zuwa om 26 zai ba da kusan wat 1,000 a bolt 160. Amma da tsakar dare, in unguwa ta kashe kaya wuta ta dawo da ƙarfinta, wannan guntuwar waya za ta zuba sama da wat 2,000, ta ja ninkin abin da aka tanadar wa murhun. Maigida na ƙwarai yakan ƙi, ko da abokin ciniki zai tafi wani shagon. Haka yake ƙin maƙala bakin waya da ta tsinke, domin maƙalar ba ta kamawa sosai, nan take sake ƙonewa.

Ba abin kuka ba ne cewa buɗaɗɗen naɗi ya ja baya. Wayar tsirara take, wuta na gudana a cikinta, miya in ta zube ko cokali ya faɗa, mai girki ce a bakin haɗari. Elemen na bututu, wanda aka cusa wayar cikin farin gari mai hana wuta wucewa aka rufe da ƙarfe, da faifan baƙin ƙarfe na Turai mai naɗi uku a ciki da makunni mai mataki shida, duk sun fi shi aminci nesa ba kusa ba. Abin takaicin shi ne wanda bai taɓa naɗa waya ba yana kallon elemen a matsayin rufaffen abu, ko yana yi ko ba ya yi, bai san abin da zai tambaye shi ba.

Kayan awon dattawa fitilar gwaji ce: ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da wayoyi biyu. In aka ɗora su a ƙafafun elemen fitila ta kama, wayar ciki na nan. In ta ƙi, ta tsinke. In aka ɗora ɗaya a ƙafa ɗaya a jikin ƙarfe ta yi ko da ja-ja, elemen yana yoyon wuta, ba zai koma gidan mutane ba. Fitilar tana da nata haɗarin tunda da wutar gaske take aiki, kuma ƙwan zamani ba ya maye gurbin mai zare, domin ɗan abu kaɗan ke haska shi. Mitar awo ta hannu ta fi ta aminci, ta fi ta faɗin gaskiya, ga ta da araha. Sai dai da yawa daga sababbin shiga ba su riƙe ko ɗaya ba. Testa kawai suke sokawa, ita kuwa iyakarta ta ce akwai wuta a nan, ba ta faɗin ko nawa ce, ba ta faɗin ko za ta iya ɗaukar kaya.

Tsarin binciken bai canza ba. A fara da soket, a cire murhu daga wuta gaba ɗaya, a duba fulogi da akwatin baya, domin noti mai sako-sako ya fi elemen yawan kashe murhu, kuma alamarsa baƙin ƙuna da warin roba. Daga nan makunni, sannan elemen a ƙarshe. Kan da ya tsaya a zafi ɗaya ya ƙi raguwa, makunninsa ne ya manne. Faifan Turai da ya rasa wasu matakai, ɗaya daga naɗinsa uku ne ya tafi. Obin da ke ƙona komai, tamostat ne, sau da yawa siririn bututunsa aka karya garin wanki. Yankin yana da nasa cututtuka. Garin cikin elemen yana shan laima, saboda haka murhun da ya yi damina a rufe a gidajen kusa da kogin Kwara yakan ja mutum ranar da aka kunna shi, alhali in aka cire elemen aka gasa shi ya bushe aka sake aunawa, sau da yawa yana dawowa. Tukunyar alminiyam ta maƙera mai kumburarren gindi ba ta zama daram a kan faifai, zafin da bai samu mafita ba sai ya bankare faifan ko ya tsaga shi. Tuƙin tuwon shinkafa da muciya kuwa ya karya ƙafar elemen ba adadi, a kan murhun gilashi ma abin ya fi muni.

Kuɗi ma sun juya sana'ar. A zamanin bil na ƙiyasi, wanda ya dafa wake da wanda bai dafa ba kusan abu ɗaya suke biya, shi ya sa ƙaramin murhu ya cika ɗakunan 'yan makaranta da gwauraye. NEPA ta zama PHCN a 2005, a Disamban 2014 rarraba wuta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna ya koma hannun Kaduna Electric, mitar kati kuma ta fara yaɗuwa. Kai mai wat 1,500 yana cin yunit 3 a awa biyu, mai gida yana gani da idonsa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya tsinke hanyar kayan gyaran Turai, aka koma cire na wannan a saka wa wancan. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 tsadar makamashi ta sa wasu sun kakkaɓe tsofaffin murahunsu, amma abin da ya cika kasuwa yanzu shi ne ƙananan murahun gilashi 'yan Sin masu allon lantarki a ciki. Mai aiki da maganaɗisu a cikinsu ba ya ganin tukunyar alminiyam sam, kuma an sha mayar wa ɗan kasuwa da lafiyayye saboda wannan kaɗai. Allon ba ya jure hawa da saukar wuta yadda wayar nikirom ke jurewa. Ƙaramin janareto da solar gida ta fitila da fanka kuwa ba sa ɗaukar ko kai ɗaya.

Laifin da dattawan sana'a ba sa yafe wa sababbin shiga guda uku ne, kuma duk ukun suna kisa. Na farko naɗa zaren waya a gurbin fis da ya ƙone ba tare da an nemi abin da ya ƙone shi ba. Na biyu datse wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, don fulogin Faransa ya shiga soket ɗin Ingila, ko cusa shi da tsinke. Wayar ƙasa ce kaɗai ke tsakanin mai girki da mutuwa ranar da elemen ya yi yoyo, a kicin mai jiƙaƙƙen daɓe, ƙafa ba takalmi. Na uku rataya murhu mai kai huɗu a soket na amfiya 13, wanda iyakarsa wat 3,000, da siririyar waya da aka shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta alminiyam. Duk mai gidan da zai kira mai gyara ya tsaya a kansa, ya ga ya auna wutar bango, ya auna elemen, ya auna tsakanin elemen da jikin murhu, ya kuma nuna masa inda wayar ƙasa ta ɗaure. Wanda ya zo da testa kaɗai a aljihu, a sallame shi tun daga zaure.